Amsar da Babagana Ya Bayar

Ranar Laraba da azahar aka ba Batula gado a ɗakin mata, na biyu daga bakin ƙofa. Washegari da safe za a cire mata maƙoƙon da ya shekara shida yana girma a wuyanta, har ya kai in ta kwanta rigingine numfashi ya riƙa yi mata gardama. Likitan da ke irin wannan aikin daga Kano yake zuwa Gaya, sau ɗaya a wata, kuma sunanta ne na biyu a jerin waɗanda zai yi wa.

Su uku suka taso daga Ajingi, amma ba tare suka iso ba. Yayanta Babagana da 'yarta ta fari Hauwa'u suka shigo bas da tabarma da bokiti da kwanukan abinci. Ita kuwa a bayan ɗan acaɓa ta zo, kamar yadda take zuwa ko'ina. Duk unguwarsu an san Batula ba ta shiga mota. Wasu su ce iska take so, wasu su ce cunkoso ne ba ta so. Ita dai ba ta taɓa cewa komai ba.

Gab da la'asar wani siririn mutum mai furfura a gemu ya shigo da takardu a hannu. Ya yi sallama, ya ce sunansa Gwadabe, shi ne mai sa marasa lafiya barci a ɗakin tiyata, kuma shi ke zaune a kansu har su farka. Ya jawo kujera ya ce yana da 'yan tambayoyi.

Tun da mijin Batula, Malam Kolo, ya rasu ta dawo gida, duk wata magana ta hukuma ko ta asibiti Babagana ke yi mata. Shi ya sa hannu a takardar yarda, don haka shi ya gyara tsayuwa.

"An taɓa yi mata aiki?"

"Ba a taɓa ba."

"Hawan jini fa, ko ciwon suga?"

"Babu ko ɗaya."

"Tana shan taba?"

Babagana ya dube shi sheƙeƙe. Gwadabe ya yi murmushi ya ce, "Kowa sai na tambaya, Alhaji. Jiya har wata tsohuwa mai jikoki goma sha ɗaya na tambaya." Ya yi alama a takarda. "To in ta shiga mota, tana yin jiri ko amai?"

"Ba ta yi," in ji Babagana, tun kafin mutumin ya rufe baki.

Gwadabe ya ɗago kai ya dubi Batula. "Haka ne, Mama?"

Ta kafa ido a zanen gado. Hauwa'u na zaune a tabarma tana jera kwanuka, Babagana na tsaye a kanta yana huci kaɗan-kaɗan. Ta gyaɗa kai.

Shekara ashirin da uku ke nan da aka ɗauki Batula amarya daga Ajingi zuwa Balan. A bayan wata tsohuwar fijo aka sa ta, tsakanin gwaggon ango da wata ƙawarta, an rufe tagogi kada ƙurar hanya ta ɓata kwalliya. An lulluɓe ta da laffaya wadda ta kwana a kan turaren wuta, ga turaren humra an zuba mata har a tafin hannu. Ba ta taɓa yin tafiya mai nisa a mota ba. Tun ba su yi rabin hanya ba ta kelaya amai a cinyar gwaggon, kafin su shiga gari ta sake. Ba a rufa mako ba mata suka fara raɗa a bakin rijiya cewa amaryar Kolo da ciki aka kawo ta. Babagana, yana saurayi a lokacin, ya ji wani ya faɗi haka a kasuwar Gaya, ya ɗauki mudun awo ya fasa masa baki. Da aka kai su gaban mai unguwa ya tsaya a kan cewa ƙanwarsa ba ta yi amai ba, fura ce ta zube a motar. Sai bayan shekara biyu aka haifi Hauwa'u, maganar ta mutu da kanta. Amma a gidansu an bar ta yadda Babagana ya faɗe ta, ba wanda ya sake ɗaga ta, ita kuma Batula ba ta sake shiga mota ba.

Aka kira sallah, Babagana ya fita. Gwadabe ya matsa da kujerarsa zuwa gado na gaba, inda wata mata mai fara'a, Bara'atu, ke kwance tana jiran a cire mata ƙari a mara. Ita ce ta farko a jerin gobe. Da ya zo kan tambayar mota sai ta tuntsire da dariya.

"Ni? Malam, daga Balan zuwa nan leda biyu nake riƙowa. Direbobin tasha sun san ni, da sun hango ni sai su ce a ba Fulani bakin taga. To me ya haɗa mota da tiyata?"

Da jin sunan Balan gaban Batula ya faɗi.

"Haɗi babba," in ji Gwadabe. "Maganin barci da na kashe zafi suna tayar wa mutane da yawa zuciya in sun farka. Amma ba kowa suke kamawa daidai ba. Mata sun fi maza, wanda ba ya shan taba ya fi mai sha, mai amai a mota kuwa ya fi kowa. Shi ya sa nake lissafawa tun yau. Kina da gona?"

"Ta gyaɗa, ga ta can ta isa cira, ni kuma ina nan."

"In shingenki yana da kafa uku, kika toshe ɗaya, awaki sun daina shiga?"

"Ina fa."

"To haka amai yake. Akwai hanyar da yake biyowa daga ciki, akwai ta cikin kunne wadda ke sa jiri, akwai ta jini zuwa ƙwaƙwalwa. Kowace allura hanyarta take tsarewa. Mai irin jikinki ba na ba ta guda ɗaya. Zan yi miki wata da zarar kin yi barci, in yi miki wata daban in an kusa gamawa, in kuma rage miki irin maganin zafin da ke tayar da zuciya. In suka haɗu sun fi ƙarfin ɗaya nesa ba kusa ba."

"In kuma na yi aman fa? Ai na saba."

"Da sabon ɗinki a ciki ba za ki so ki saba ba. Amma wanda na fi ji wa tsoro shi ne mai aikin wuya. Yunƙurin amai yakan ɓalle 'yar jijiyar da aka ɗaure, jini ya taru a ƙarƙashin ɗinki ya danne maƙogwaro. In haka ta faru sai mun koma ɗaki da gudu." Ya waiwayo ya yi wa Batula murmushi don ya kwantar mata da hankali. "Ita maƙwabciyarki Allah ya hutar da ita, mota ba ta damunta. Allura ɗaya nake sa ran za ta ishe ta."

Batula ta kai hannu wuyanta. Ta ji jijiya tana bugawa a ƙarƙashin kumburin.

Da Gwadabe ya fita Bara'atu ta juyo. "Ku Barebari ai cikinku na ƙarfe ne, shi ya sa muka ajiye ku kuna yi mana dako." Ta ƙura mata ido. "Tsaya, ba ke ce matar marigayi Kolo ba, na bayan masallaci? Ni daga baya aka kawo ni garin, amma uwar mijina tana yawan zancenki."

"Ni ce," in ji Batula. Ba ta tambayi wane zance ba. Ta juya fuska bango, ta ja mayafi.

Ba ta iya cin tuwon da Hauwa'u ta zuba mata ba, ga shi an ce daga tsakar dare ba ci ba sha. Duk yadda ta juya maganar a ranta wuri ɗaya take komawa. In ta yi shiru, za a yanka wuyanta da allura ɗaya. In ta yi magana, ta ƙaryata Yaya a gaban baƙi, a kan abin da ya zubar da jinin mutum dominsa, kuma kafin Bara'atu ta warware zaren ɗinkinta labari ya isa Balan. Hauwa'u kuwa 'yar fari ce, ko sunanta Batula ba ta kamawa, balle ta buɗe baki a gabanta ta faɗi abin da aka taɓa cewa a kan uwarta.

Da hantsi aka zo da gado mai taya aka tafi da Bara'atu, tana ɗaga wa 'yan ɗaki hannu tana cewa a yafe mata. Nas ɗin da ke aikin safe, Ummu Salma, ta zo ta ɗaura wa Batula ruwa. Batula ta dubi 'yarta ta ce, "Ke, je ki wanke kwanukan jiya kafin famfo ya cika." Da Hauwa'u ta fita sai ta riƙe gefen rigar nas ɗin.

"Malama, ina da magana."

"Faɗi, Mama. Tsoro ne? Kowa yana ji."

"Tambayar da aka yi jiya ce."

"Wacce a ciki?"

Sai ga sallamar Babagana daga bakin ƙofa. Ya shigo da carbi a hannu, ya ce ya sa an yi mata addu'a a masallaci bayan asuba, kuma liman ya ce a gaishe ta. Ummu Salma ta tsaya tana jira. Batula ta saki rigar, ta ce, "Ba komai. Na manta."

Bayan awa guda da wani abu aka dawo da gado mai taya, wannan karon dominta. Aka cire mata 'yan kunne da awarwaro aka ba Hauwa'u, aka ce ta zauna ta kula da kaya. Babagana ya biyo su a baya. Baranda ce doguwa, simintinta duk ya farfashe, mai turawar kuma yana sauri. Batula na kwance tana kallon silin yana wucewa ta kanta, fanka, ƙwan lantarki, fanka, sai gadon ya sha kwana. Nan take ta ji abin da ta shekara ashirin da uku tana gudu. Kanta ya yi yawo, yawu mai ɗumi ya cika mata baki, gumi mai sanyi ya tsatso mata a goshi. Tafiyar da ba ta kai daga ɗakinta zuwa bakin titi ba ta yi mata haka. Ta runtse ido tana haɗiya.

Aka shigar da ita wani ɗan ɗaki da ke gaban ɗakin tiyata, ƙofa ta rufe a tsakaninta da Babagana. Wurin da sanyi, yana warin magani. Ta cikin ƙofa ta biyu tana jin wata na'ura tana ƙara a hankali, tana jin ƙarar ƙarafa ana ajiyewa a faranti. Gwadabe ya fito sanye da koren kaya da hula. Ya zo zai duba ruwan da ke hannunta, sai ya tsaya ya dubi fuskarta.

"Mama, me ya sa kike ta haɗiyar yawu?"

Ta kawar da kai. Ya jira, bai ƙara tambaya ba.

"Ina yi," ta ce.

"Kina yin me?"

"Aman mota. Sosai nake yi. Shi ya sa ba na shiga. Ko wannan gadon da aka turo ni a kai, saura kaɗan."

Bai yi faɗa ba, bai kuma tambayi dalilin amsar jiya ba. Ya ce, "Madalla da kika faɗa yanzu ba bayan an gama ba." Ya buɗe wata 'yar durowa ya duba, ya sake dubawa, ya rufe a hankali. "Ga inda matsalar take. Allurar farko ina da ita. Ta biyun, wadda ake yi in an kusa gamawa, guda ɗaya ta rage mana, kuma yanzu na yi wa Bara'atu. Sai an sayo a kemis a waje. Zan rubuta takarda. Wa ke bakin ƙofa?"

"Yaya."

"To shi zan ba."

"Zai tambaya ta mece ce."

"Zai tambaya. Ni ba zan faɗa masa abin da kika faɗa min ba sai kin yarda. Amma mai kemis zai gaya masa maganin amai ne, kuma shi ya amsa min jiya."

"Ba yadda za a yi ban da haka?"

"Akwai. Ko mu shiga da allura ɗaya, wanda ni raina bai kwanta da shi ba, ko a ɗaga aikin sai wata mai zuwa. Da yadda kike numfashin nan, shi ma raina bai kwanta da shi ba. Likita yana ɗinke ta farko yanzu. Ki zaɓa, Mama, amma kada ki daɗe."

Ta kwanta tana jin numfashinta yana fita da ɗan fito ta matsattsen maƙogwaro. Ta tuna fuskar Babagana ranar da ya dawo daga wurin mai unguwa, riga a yage, ya zauna a zaure shi kaɗai. Ta kuma tuna abin da Gwadabe ya ce jiya, jini yana taruwa a ƙarƙashin ɗinki, mutum yana ji yana gani iska ta ƙi shiga.

"Kira shi," ta ce. "Ni zan faɗa masa."

Akwai jan layi a ƙasa wanda ba a tsallakewa da takalmin waje. A nan Babagana ya tsaya, aka turo gadon kusa da shi. Ya dubi Gwadabe, ya dube ta. "Lafiya? An fasa ne?"

"Yaya," ta ce, "ranar da aka kai ni Balan, na yi amai a motar nan. Sau biyu. Kai ma ka sani."

Fuskarsa ta canza. Ya waiga ko akwai mai ji, ya rage murya. "Wa ya ce ki tono wannan? Yau? A nan?"

"Wuyana za a yanka, Yaya. An ce mai aman mota in ta farka takan yi amai, in ta yi kuma ɗinki yana iya ɓallewa daga ciki. Akwai allurar da ake ƙarawa. Ba a tanadar min ba, saboda an ce ba na yi."

Babagana ya juya ga Gwadabe. "Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Alhaji. Ba kowa abin ke samu ba, amma ba na son ita ta zama cikin waɗanda ya samu."

"Wato amsar da na ba ka jiya..." Bai ƙarasa ba.

"Amsar jiya ta wuce. Ga takarda. Ka fara da kemis na bakin ƙofar asibiti, in babu ka yi gaba. Kada ka yarda su ba ka wani su ce duk ɗaya ne. Abin da ke rubuce, shi za ka kawo, ka miƙa wa wanda ke wannan ƙofar."

Babagana ya karɓa. Ya dubi ƙanwarsa, sai ya juya. Ta ji takunsa a baranda, da farko tafiya, daga baya gudu. Rabon da ta ji Yaya yana gudu tun suna yara.

Aka fito da Bara'atu ta ɗaya ƙofar, tana barci baki buɗe. Aka shiga goge ɗaki. Agogon bango yana gaban Batula, ba ta da abin kallo sai shi. Minti goma, sha biyar, ashirin. Likitan ya leƙo, hannuwa a ɗage suna ɗigar ruwa, ya ce akwai mutum huɗu a bayanta kuma yana son ya kama hanyar Kano da rana. Gwadabe ya fita ya leƙa baranda ya dawo shi kaɗai.

"Bai dawo ba," ya ce. "Ina jin na bakin ƙofa ba su da shi. Saurara, Mama. Wannan allurar ba a farko ake yin ta ba, sai an kusa gamawa. Aikin zai ɗauki fiye da awa ɗaya. Muna iya farawa, ya same mu a ciki."

"In bai samo ba fa?"

"Zan yi amfani da abin da nake da shi, in zauna a kanki. Ba zan ɓoye miki ba, bai kai wancan ba."

"Ba zan sani ba ke nan sai na farka."

"Sai kin farka."

Ta dubi ƙofar da Babagana ya fita. Ba motsi. Ta ce, "Mu je."

Fitilar ɗakin ta yi mata girma. Aka sa mata wani abu a ƙarƙashin kafaɗu, kanta ya lanƙwasa baya, wuyan ya fito fili. Aka ɗora mata abin shaƙar iska a hanci da baki. Tana ta kasa kunne ko za ta ji an ƙwanƙwasa ƙofa. Ta ji sanyi yana hawa hannunta, ta fara kalmar shahada, ba ta san inda ta tsaya ba.

Zafi ne ya fara dawowa, kamar ta haɗiyi garwashi ya tsaya a wuya. Sannan haske. Tana ɗakin mata, an ɗaga mata kan gado, wuyanta a naɗe da filasta, wani siririn bututu ya fito daga gefe zuwa 'yar kwalba. Ummu Salma na tsaye da ƙaramin kwanon silba a hannu. Da Batula ta ga kwanon ta san na mene ne.

Ta so ta tambaya ko an samo allurar. Muryar ba ta fito ba, sai iska. Ta motsa leɓe, Ummu Salma ta ce, "Kada ki yi magana tukuna, Mama. An gama lafiya." Ba wannan take tambaya ba.

Ta kwanta ƙyam, ko ido ba ta son juyawa. Tana sauraron cikinta kamar mai sauraron motsi a bayan ɗaki. Wani ya wuce ta taga da abinci mai warin manja, ta riƙe numfashi. Aka zo gyara mata matashi, kanta ya ɗan karkata, ɗakin ya juya sau ɗaya. Yawu ya taru. Wani abu ya taso daga ƙasan cikinta, ya hau, ya hau, ya zo daidai ƙirji. Ta damƙe ƙarfen gado, hawaye na bin kunnenta. Ummu Salma ta matso da kwanon, ɗaya hannun ta dafa mata goshi, tana cewa, "Ja numfashi ta hanci. A hankali. Sake ja."

Abin ya tsaya a ƙirji. Ya daɗe a wurin. Sannan ya fara sauka, kaɗan-kaɗan, har ya kwanta.

Bayan la'asar Gwadabe ya shigo, ya cire hular aiki, idanunsa sun yi ja don gajiya. Ya taɓa gefen filastar da yatsa, ya ɗaga kwalbar ya duba, ya tambayi Ummu Salma, ta ce sau ɗaya ya taso bai fito ba.

"An samo," ya ce wa Batula. "A kemis na huɗu, can wajen tasha. Likita ya fara ɗinki ke nan aka miƙo min. Kin samu duka biyun, na kuma ƙara miki ta uku don jirin. Yau da gobe za mu ci gaba da lura, amma mafi wuyar ya wuce."

Ta rufe ido. Da ta buɗe sai ta ga Babagana a bakin ƙofa, babbar riga a kafaɗa, 'yar cikin ta bushe da shatin gumi. Ya shigo ya tsaya a ƙarshen gadon. Hauwa'u na zaune a tabarma, Bara'atu ta farka tana kallonsu da ido ɗaya.

"Malam," in ji Babagana, "wannan katin nata, shi za ta riƙa kaiwa duk asibitin da ta je?"

"Shi ne."

"To ka rubuta a kai, da manyan baƙi, cewa tana yin amai a mota. Tun da daɗewa take yi. Ni na ce maka ba ta yi, ba daidai na faɗa ba."

Hauwa'u ta ɗago kai ta dubi kawunta, ta dubi uwarta. Batula ta jira abin da zai fito daga gado na gaba.

"Ashe 'yar ƙungiyarmu ce," in ji Bara'atu da dasasshiyar murya. "Babarbariya, kika bar ni ina ta tallar kaina jiya ni kaɗai? Allah ya isa ledojina." Ta fara dariya, ɗinki ya kama ta, ta dafe ciki tana salati.

Gwadabe ya zaro biro ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Sannan ya ce wa Ummu Salma a gwada ta da ruwa, cokali ɗaya kawai. Hauwa'u ta tashi ta karɓi cokalin, ta tallafi kan uwarta. Batula ta haɗiye da ƙyar, zafin ya ratsa ta har kunne. Duk suka zuba mata ido. Ta jira, ta ƙara jira. Ruwan ya zauna.